Yadda Mai-Sheƙi Ya Gyara Tirelar Baba

"Ni fa idan na shafa wa katako fenti, mai shi da kansa sai ya cire takalmi kafin ya taka. Ka bar batun katakon tirela, ko itacen girki ka ba ni sai na mayar da shi madubi!"

Mai wannan magana mijin yayata ne, kuma a ƙofar shagona ya yi ta, ya dafe ƙugu da hannu ɗaya, ɗayan yana yawo a iska kamar yana riƙe da buroshi. Abokina, gyara zama in ba ka labarinsa, don ni ganau ne. Ni tela ne, shagona a jikin katangar garejin Babanmu yake. Ƙofata tana kallon titi, tagata tana kallon cikin garejin, saboda haka ko allura ta faɗi a ciki sai na ɗaga kai daga keke na duba.

Mai-Sheƙi muke kiransa, kuma ba mu zalunce shi ba. Takalminsa yana sheƙi, agogonsa da ya daina aiki tun bara yana sheƙi, goshinsa kuwa idan rana ta buge shi sai ka kare ido. Ya taɓa goge kujerar babur ɗinsa da man takalmi, da ya zo shan kwana babur ya yi dama shi ya yi hagu. Duk iliminsa na fenti a wajen wani mai feshin mota ya samo shi, inda ya yi ɗan zaman da bai kai a san sunansa ba. Aikinsa a can shi ne manna tsofaffin jaridu a gilashi kada fenti ya taɓa. Amma idan yana ba da labarin wurin, sai ka rantse shi ya yi wa jiragen sama kwalliya.

Baba kuma haya yake bayarwa: tarakta guda, injin kwaɓa siminti, babban janareto, da tirelar da ake ɗora su a kai wa masu haya. Tirelar nan ƙarfe ce a ƙasa, an shimfiɗa mata katakai masu kauri a sama, kowane katako an ɗaure shi da noti mai tsawo wanda ya ratsa shi ya kama ƙarfen ta ƙasa. Mukullin garejin kullum yana rataye a wuyan Baba da wata tsohuwar igiya. Tsufa ya zo, gwiwa ta fara yi masa gardama, ni kuma da ya kamata in karɓe shi na riga na zaɓi allura da zare.

Yaya ce ta je ta durƙusa a gabansa. Ta gaji da tambayar maƙwabta, "Yau ma maigidan bai fita ba?" Ta gaji da ganin mijinta a tsakar gida yana goge takalmin da ba inda za shi da shi. Ta ce Baba ya taimaka ya ba shi riƙon garejin, ita ta tsaya masa. Baba ya sa aka kira mijin nata.

"Ka ga tirelar can?" in ji Baba. "Katakonta ya bushe, ga damina ta ƙarato. Duk shekara baƙin mai nake shafa mata, wanda aka juye daga inji. Akwai jarka cike a lungu. Ranar Asabar wani babban manomi zai zo a kai masa tarakta gona. Ka shafa mata man, tarakta ta hau lafiya, mukullin nan ya zama naka."

Mai-Sheƙi ya ƙara sunkuyar da kai. "Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai ina neman alfarma a bar ni in yi mata irin na zamani."

"Yi mata ko irin na gobe ne. Ni dai tarakta ta hau ranar Asabar."

Baba ya koma gida jinyar gwiwa. Ko kwana bai sha ba Mai-Sheƙi ya miƙe ya kaɗe riga, ya leƙo ta tagata.

"Tela, ka ji fa! Baƙin mai! A wannan zamanin! Tsohon nan ina ganin girmansa, amma a harkar katako an bar shi a tasha."

"To Oga, kai me za ka shafa?"

"Kai dai ci gaba da ɗinkinka. Idan na gama, a kan tirelar nan za ka riƙa duba fuskarka kafin ka je zance."

Aikin da Baba ke gamawa kafin shayinsa ya huce, da tsumma a bakin sanda, shi Mai-Sheƙi ya fara da sayen farar rigar leda da tabarau. Sannan ya zagaya tirelar yana taɓe baki, ya ce aikin ƙwararru ba a yin sa a sama-sama, dole kowane katako ya sauko a yi masa gaba da baya. Ya samo sifana, ya kira direban taraktar Baba ya kama masa, suka kwance noti duka suka tara a bokiti, suka sauke katakan suka watsa a filin gareji, wannan a gabas wancan a yamma.

Ga abin da ya kamata ka sani. Katakan nan ba rana ɗaya aka sa su ba. Idan ɗaya ya ruɓe sai Baba ya sayo wani ya huda shi da ido, daidai inda ƙarfe yake a wurin. Saboda haka kowane katako da mazauninsa, hudar wannan ba ta hau ta wancan. Ni ma ban san haka ba a lokacin, tsokana ce kawai ta sa na ce:

"Oga, ni ko tsohuwar riga zan farke sai na ɗan sa alli, in san hannun dama da na hagu."

"Shi ya sa kake tela," in ji shi. "Katako ba riga ba ne. Ni da ido nake aiki. Kallo ɗaya na yi musu, duk na haddace su kamar 'ya'yana."

Da ya zauna yana goge su da sanfefa sai na ji ya yi salati. Na leƙa a guje, na zaci ya yanke.

"Tela, zo ka ga ta'asa! Dubi ramuka! Kowane katako huda, huda, huda. Ta nan ruwa ke shiga yana cin katakon. Shekara da shekaru ba wanda ya lura sai da na zo."

"Oga, ba nan ne noti ke shiga ba?"

"Noti ya san hanyarsa."

Ya tafi kasuwa ya dawo da gwangwanin fila, wannan ƙullin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi, idan ya bushe ya zama dutse. Ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya ya toshe, ya goge har sai da wurin ya saje da katako. In faɗi gaskiya, toshewar ta yi kyau. Ko kai ne ka yi hudar da hannunka ba za ka nuna inda take ba.

Sai fenti. Ja ya sayo, ja wur, mai sheƙi. Mai sayarwar ya ba shi ruwan da ake sirka shi da shi, Mai-Sheƙi ya ce a bar shi, sirki aikin marowata ne. Ya riƙa kamfatowa da buroshi yana lafta wa katakan kamar mai yaɓen ɗaki. Katakon da ya sha baƙin mai tun ina makarantar firamare, ina zai karɓi fenti? Fentin ya kwanta a sama yana ƙyalli, ya ƙi shiga, ya ƙi bushewa. Ka taɓa da yatsa ya biyo ka.

"Bai bushe ba fa, Oga," in ji direba.

"Mai tsada haka yake. Na talakawa ne ke bushewa da wuri."

Da la'asar hadari ya haɗo. Mai-Sheƙi ya dubi sama ya dubi katakansa, sai ya hau ihu kamar gobara ta tashi. Shi da direba suka kwashe su a guje suka jera wani kan wani, suka rufe da tamfol. Don kada iska ta yaye tamfol ɗin, ya sa aka ɗora bulo a kai, ya ƙara da tsohuwar tayar tarakta. Ruwan ma bai zo ba, iska ce ta taso ta kora shi gaba.

Washegari ya yaye tamfol ya kama katakon sama zai ɗaga. Katako ya ce bai san zancen ba. Ya ƙara ƙarfi, jijiyar wuyansa ta miƙe, tabarau ya zame. Abokina, katakan nan sun rungume juna sun zama guda, ƙaton dunƙule ja mai sheƙi, ka ce a haka bishiyar ta tsiro.

Na fito da almakashi a hannu ina dariya har da riƙe ciki. "Oga, 'ya'yan naka akwai zumunci!"

"Jahilci dai ba kyau," in ji shi, gumi yana ɗiga ta haɓarsa. "Gwaji nake yi. Fentin da ya riƙe katako haka, kana ganin ruwa zai iya da shi?"

Yinin ranar da ƙarfen cire taya da guduma aka yi shi. Kowane katako idan ya rabu da ɗan'uwansa sai ya tafi da fatarsa, wannan ya ɗauko fentin mutum biyu, wancan ya fito tsirara. Guda ya tsage daga kai har gindi. Mai-Sheƙi ya cike tsagar da fila, ya sake lafta fenti, wannan karon ya yarda aka sirka, amma ya ce ra'ayinsa ne tun farko.

Ana cikin haka Yaya ta kawo masa abinci. Ta tsaya a bakin gareji tana kallon tirelar mahaifinta, ƙarfe zalla kamar haƙarƙarin saniya, ga katakai a jingine a katanga.

"Maigida, ba cewa aka yi a shafa mai ba?"

"Ke dai tanadi kayan da za ki sa ranar Asabar. Matar manaja ba ta fita da kowane irin zane."

Ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Da za ta tafi ta biyo ta shagona, ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta rage murya.

"Tela, don girman Allah gaya mini gaskiya. Aikin nan yana tafiya?"

"Yaya, yana sheƙi dai."

"Ba sheƙi na tambaye ka ba. Ni fa na sa fuskata a gaban Baba. Tunda nake ban taɓa roƙonsa komai ba sai wannan. Idan mutumin nan ya kunyata ni, da wane ido zan shiga gidanmu?"

Wallahi ta ba ni tausayi, har dariyar da nake ta tarawa ta koma ciki. Na ce mata in sha Allahu komai zai yi daidai. Ta tashi ta tafi tana waiwayen katakan.

Ranar Juma'a aka zo mayar da yara gidajensu, sai uban ya kasa gane su. Duk sun zama ja, duk sumul, ba tabo ba alama. Ya ɗora wannan a gefe, ya yi tsawo. Ya kai shi tsakiya, ya bar rami. Ya juya shi, ya hau kan na kusa da shi. Direba yana ɗauka yana saukewa har ya fara magana shi kaɗai. Da ƙyar aka samu suka kwanta, wani ya leƙo ta baya, wani ya noƙe.

Saura noti. Mai-Sheƙi ya ɗauko guda daga bokiti, ya tsaya a kan tirela yana neman rami. Noti dai bai san hanyarsa ba. Sai ya durƙusa ya kara kunne a katako yana ƙwanƙwasawa da yatsa, kamar likita a ƙirjin mai tari.

"Oga, me ya ce?" na tambaya ta taga.

"Yi mini shiru, kana ɓata mini sauti!"

Ya aro injin huda a wurin kafintan layinmu. Hudar farko ya faɗa kan ƙarfe inda ba rami, bakin injin ya karye. Ta biyu ya fita a fili inda ba ƙarfe sam. Ta uku injin ya yi wani kuka, ya yi hayaƙi, ya yi shiru. Kafinta ya zo ya ɗauki abinsa, ya faɗi maganganun da ba zan maimaita maka ba. Direba kuma ya tuna yana da gaisuwar mara lafiya, ya sulale.

Mai-Sheƙi ya zauna a kan bokitin noti ya yi tagumi. Wannan ne karo na farko da na ga goshinsa ya dushe. Har na buɗe baki zan ce ya je ya gaya wa Baba gaskiya tun da sauran rana, sai na ga ya zabura ya miƙe, idonsa ya kawo wuta. Ya rufe ƙofar gareji, ya jawo tamfol ya rataya a tagata ta waje.

"Oga, ka toshe mini iska!"

"Sirrin sana'a ne. Ba kowane ido ke gani ba."

Daga nan har rana ta yi sanyi ba abin da nake ji sai kukan zarton ƙarfe, ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa, sai wani abu ya faɗi a gwangwani, ƙwal. Bayan zarto ya yi shiru sai warin gam ya cika mini shago, irin mai hawa kai ɗin nan. Na ɗinka wa wani aljihu a baya saboda shi.

Asabar da safe aka yaye tamfol. Abokina, ba zan ci amanar gaskiya ba, tirelar nan ta yi kyau. Ja wur, rana tana rawa a kanta. Ga kawunan noti a jere reras, layi ɗaya kamar an ja da zare, kowanne an ɗiga masa farin fenti yana walƙiya. Tun da aka ƙera tirelar notinta bai taɓa miƙewa haka ba. Ni kaina sai da na ji kunyar dariyar da na yi ta yi masa.

Baba ya iso yana dogara sanda, aka ajiye masa kujera a inuwa. Yaya ta zo cikin sabon leshin da na ɗinka mata, fuskar nan fal murna. Babban manomi ya shigo da motarsa har cikin gareji ya tsaya a bayan tirela, ya fito yana riƙe baki.

"Kai! Baba, wannan tirela ce ko teburin cin abincin masu kuɗi?"

"Aikin surukina ne," in ji Baba. Ya shafa katakon da tafin hannu, ya gyaɗa kai, ya kai hannu wuya ya ciro igiyar mukulli ya riƙe. Yaya ta dube ni, idonta ya ciko da ƙwalla don daɗi.

Mai-Sheƙi kuwa ya sha babbar riga fara, ya kumbura har ƙofar gareji ta yi masa kaɗan. "Baba, wannan somin taɓi ne. Idan na karɓi riƙo, har janareto sai an yi sallama kafin a tayar da shi."

"Madalla," in ji Baba. "Direba, hau da tarakta."

Nan Mai-Sheƙi ya yi wuf ya matso kusa da Baba.

"Baba, wai da na ce... tunda taraktar nan tana da ƙafafunta, me zai hana ta tafi da kanta? Tirela ta bi ta a baya, mutane su gani."

Manomi ya fashe da dariya. "Surukin naka akwai barkwanci! Gonar da mota ma sai ta sha mai a hanya?"

"To a wanke tayoyin tukuna."

"An wanke," in ji direba, ya tayar da inji.

Da ya ga ba makawa, sai ƙarfin hali ya zo masa, irin na wanda ya fara yarda da ƙaryar kansa. Ya cire takalmi ya ajiye a gefe, ya hau tirela da safa, ya taka a hankali har can gaba, ya juyo ya ɗaga hannu biyu.

"Ni zan ba da hannu! Taho! Taho a hankali, kamar kana shiga ɗakin amarya!"

Tarakta ta hau matakalar ƙarfe. Ƙananan tayoyin gaba suka taka katako, muka ji wani ɗan ƙas, ƙas. Mai-Sheƙi ya ce fenti ne ke gaisawa da taya. Manyan tayoyin baya suka iso bakin katako, suka taka sheƙin nan, sai suka hau juyawa a wuri ɗaya, santsi ya hana su gaba.

"Ba ta wuta!" in ji Mai-Sheƙi. "Kai wane irin direba ne? Ba ta wuta, aikina ba ya tsoron inji!"

Direba ya ba ta wuta. Taya ta murje fentin, ta samu katako ta cafke. Maimakon tarakta ta yi gaba, katako ne ya yi baya. Ya fita fiit ta ƙarƙashinta kamar an zare aljihun tebur, ya tafi kai tsaye ya sumbaci fitilar motar manomi, tas! Na biyu ya bi shi, ya kwashe ƙafar kujerar Baba, Allah ya sa ya riga ya miƙe. Na uku kuwa shi ne wanda Mai-Sheƙi yake tsaye a kai.

Ban ga faɗuwarsa ba, ƙasa kawai na ga ta ɓace a ƙarƙashinsa. Ya zurma tsakanin ƙarafa biyu har hammata, babbar riga ta maƙale a sama ta kife masa a ka, ƙafafunsa da safa suna tuƙa keke a ƙasan tirela. Tarakta ta yi gum, ta zauna da cikinta a kan ƙarfe, injin ya mutu.

Sai wani ƙaramin ruwa ya biyo baya, ruwan kawunan noti. Ƙwal, ƙwal, ƙwalalal, suna gangarawa ko'ina a filin gareji. Ɗaya ya taho yana juyi ya kwanta a gaban takalmin Baba.

Baba ya sunkuya da gwiwar tasa mai ciwo ya ɗauka. Ya juya shi. Kai ne kawai, an yanke jikin da zarto, ga busasshen gam a gindinsa. Ya ɗauki na biyu, haka. Ashe abin da bawan Allah ya yini yi ke nan: ya yanke kawunan noti duka, ya manna su a kan katako a layi, katakan kuma ba abin da ke riƙe da su sai nauyinsu da addu'a.

Manomi ya dubi fitilarsa, ya dubi taraktar da ta yi zaman dirshan, ya ce, "Baba, Allah ya ba mu rai da lafiya, ma haɗu wata daminar." Ya shiga mota da ido ɗaya ya fita.

Yaya ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, "Baba, ni na tafi, na bar tukunya a wuta." Na san ba tukunyar da ta bari, kuma raina ya ɓaci saboda ita. Amma ba ta kai ƙofa ba ta tsaya, don ta ji muryar mijinta tana fitowa daga cikin riga.

"Baba, kada ka damu! Na zamani haka suke zuwa, marasa jela. Direban ne ya ba ta wuta da yawa!"

"Kai ka ce in ba ta!" in ji direba.

"Na ce ka ba ta, na ce ka ƙona ta?"

Baba ya dube ni ya ce, "Tela, miƙo mini zarton can." Na miƙa masa. Ya zauna a kan bokiti, ya zare mukulli daga igiya, ya danne shi a bakin ƙarfen tirela da ƙafa, ya fara yanka. Gareji ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa. Mai-Sheƙi ya samu ya fito da kansa ta wuyan riga, jan fenti a goshi, yana kallo.

Mukulli ya rabu biyu. Baba ya ɗauki ɓangaren haƙoran ya jefa a aljihunsa. Kan kuma ya goge shi da gefen riga har ya yi ƙyalli, ya mayar da shi a igiya, ya taka har inda surukinsa yake reto, ya rataya masa a wuya da hannunsa.

"Na yi alkawari, ga shi na cika," in ji Baba. "Aiki ya yi kyau, ga mukullin da ya dace da shi."

Mai-Sheƙi ya dubi abin da ke ƙirjinsa. "Baba, ai wannan ba zai shiga kwaɗo ba."

"Ba sai ya shiga ba, ɗana. Idan ka zo da safe, ka ɗiga masa gam ka manna a ƙofa. Daga nesa kowa zai ɗauka kai ne manaja."